KIRISTA YA FUSKANCI MUTUWA BAI GIRGIZA BA: INA MASU DA'AWAR IMANI DA LAHIRA?

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga tashar Ƙauran Namoda zai nufi Shinkafi ta Moriki, ko ya bi hanyar Zurmi zuwa Jibiya, ya san irin shirun da kan sauka a cikin mota da zarar an bar gari an shiga daji. Hira takan mutu, direba ya kashe rediyo, kowa ya kama abin da ya iya na addu'a. Wannan yana jan carbi, wancan yana motsa leɓe da Ayatul Kursiyyu, ɗan Ibon nan mai shagon kayan gyaran mota da ke kujerar baya shi ma ya sunkuyar da kai yana kiran sunan da ya saba kira. A wannan sa'a babu mai tambayar wani aƙidarsa, domin kowa ya san harsashin ɗan bindiga ba ya tambaya.

Mutanen da ke cikin motar nan, Musulminsu da Kiristansu, duk suna faɗa da bakinsu cewa akwai wata rayuwa bayan wannan. Abin tambaya shi ne, ranar da aka ɗora wa mutum bakin bindiga a ƙirji, wane ne wannan magana ke riƙe shi, wane ne kuma take suɓuce masa?

Dalilin tayar da wannan magana shi ne wata mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare a majalisun samari da teburan masu shayi. Da an kawo labarin wani Kirista da aka kama aka kashe bai saki addininsa ba, sai ka ji wani matashi ya taɓe baki ya ce wai taurin kai ne, wani ya ce ai arne ne, me za a gani a wurinsa. Daga nan a tuntsire da dariya a koma hirar ƙwallo. Wannan magana jahilci ce ta fuska biyu. Ta farko, Alƙur'ani ya kira mutanen nan Ma'abota Littafi, ya yi musu hukunce-hukunce nasu daban da na masu bautar gumaka. Ta biyu, wadda ta fi muni, mai wannan dariyar ya tsallake tambayar da ya kamata ta hana shi barci: shi da yake cewa gaskiya na hannunsa, me zai yi in aka sa shi a inda aka sa wancan?

ABIN DA KIRISTA YA ƊAUKA GAME DA MUTUWA

Adalci shi ne a faɗi aƙidar mutum yadda shi yake faɗinta. Kirista ya yi imani da cewa an gicciye Yesu Almasihu, ya mutu, ya tashi daga matattu a rana ta uku, kuma wannan tashin shi ne ya karya ƙarfin mutuwa a kan duk wanda ya ba da gaskiya gare shi. Abin da yake sa rai da shi yana kiransa rai madawwami, ko rai na har abada, kalmomin da suka zauna a bakin Kiristocin Arewa tun da aka buga cikakkiyar fassarar littafinsu da Hausa a 1932. A wurinsa ceto kyauta ce, aikinsa bai isa ya saye ta ba. Bulus, a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya ɗora addinin gaba ɗaya a kan wannan tashin, har ya nuna cewa in babu shi babu sauran abin da ya rage. Shi ya sa Ista ita ce babbar sallarsu, shi ya sa kuma ake jin waƙa a wurin jana'izarsu.

Mutumin Ƙaura ba baƙo ba ne ga waɗannan mutane. Tun da layin dogo ya iso garin a 1929 ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka riƙa shigowa, kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983 kuma ta ƙaro malamai da ɗalibai. A cikin sojoji da 'yan sandan da aka kashe a dazuzzukan Zurmi da Shinkafi akwai Kiristoci, waɗanda aka mayar wa iyayensu da gawarwakinsu daga ƙasar da ba su da ko dangi a cikinta.

UKU DAGA CIKINSU

A farkon watan Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, fasto a cocin EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, jihar Adamawa. Suka sa shi gaban kyamara. Wanda duk ya kalli hoton bidiyon nan ya ga mutum zaune cikin natsuwa, muryarsa ba ta rawa, yana faɗin cewa bai karaya ba domin komai na hannun Allah, in an sake shi ya koma ga iyalinsa to, in kuwa ba a sake shi ba nufin Allah ne, yana roƙon iyalinsa da su yi haƙuri kada su yi kuka. Ranar 20 ga watan suka yanka shi.

A cikin wannan watan dai, ranar 8, masu garkuwa suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kaduna suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku suka dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka tsinta. Yaron nan ɗan yankin cocin Katolika na Sakkwato ne, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa a lokacin, wato na Katolikan Gusau da Ƙaura ne. Wanda aka kama bisa zargin jagorantar masu garkuwar ya shaida wa 'yan jarida daga baya cewa yaron ya hana shi sakat da wa'azi, yana ce masa ya bar mugun aikin da yake yi. Yaro ɗaure a daji, yana yi wa mai bindiga nasiha!

Kafin su, ranar 19 ga Fabrairun 2018, an kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a jihar Yobe. Bayan wata guda aka dawo da waɗanda suka rayu, ban da Leah Sharibu, 'yar shekara 14. Ƙawayenta Musulmi da aka sako su ne suka ba da labarin cewa an ce ta bar addininta a sake ta, ta ƙi.

Wanda ya kira wannan taurin kai, sai a tambaye shi ko ya taɓa kwana guda a hannun masu garkuwa. Waɗanda kuma suka tsare yarinya don su tilasta mata addini, sun saɓa wa Alƙur'anin da suke riya bi, domin Suratul Baƙara ta rufe ƙofar tilasci a addini.

ALƘUR'ANI YA RIGA KOWA FAƊI

Ɗan Islamiyya tun yana ƙarami ake biya masa Suratul Buruj, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi su wane ne mutanen ramin da aka ambata a cikinta. Ibn Ishaƙ da da yawa daga malaman tafsiri sun tafi a kan cewa mutanen Najran ne, mabiya Annabi Isa (AS), waɗanda sarkin Himyar na ƙasar Yaman, Zu Nuwas, ya haƙa wa ramuka ya cika da wuta, ya ce su zaɓi barin addini ko shiga ramin. Suka zaɓi ramin. Masana tarihi sun sa abin a wajejen shekara ta 523 Miladiyya, kusan shekara hamsin kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). A cikin Sahihu Muslim, a hadisin Suhaibu (RA) na yaro da sarki da boka, an ba da labarin matar da ta zo bakin ramin da jaririnta ta ja da baya, jaririn ya yi magana ya ƙarfafa ta. Allah (T) Ya kira waɗannan mutane muminai, Ya la'anci masu hura wutar.

Haka nan Bukhari ya ruwaito cewa lokacin da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, Khabbab bin Aratti (RA) ya kai kuka wurin Manzon Allah (SAW) yana kishingiɗe a inuwar Ka'aba. Da me aka ba shi amsa? Da labarin mutanen da suka gabata, waɗanda ake sa wa zarto a ka a raba su biyu, a tsefe namansu da matsefin ƙarfe, duk wannan bai juyar da su daga addininsu ba. Wato Manzon Allah (SAW) da kansa ya tarbiyyantar da sahabbai da juriyar al'ummomin da suka riga su.

Wani zai ce ai waɗancan masu tauhidi ne, a kan koyarwar Annabi Isa (AS) ta asali suke, kafin a aiko Manzon ƙarshe. Wannan gaskiya ne, haka malamai suka faɗa. Babu kuma mai cewa a haɗa aƙidu biyu a kwaɓa. Suratun Nisa'i ta bayyana cewa ba a kashe Annabi Isa (AS) ba, ba a gicciye shi ba, Allah Ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Musulmi ya yi imani da cewa babu ran da ke ɗaukar nauyin laifin wani, kowa zai tsaya da littafin aikinsa, don haka yana rayuwa tsakanin tsoron azabar Allah da ƙaunar rahamarSa. Jarumtar mutum kuma ba ta tabbatar da ingancin aƙidarsa, in da tana tabbatarwa da kowane addini ya zama gaskiya. Duk wannan yana nan daram.

To amma a nan ne maganar ta juyo kan mai yin ta. In har matashi Musulmi ya sakankance cewa shi ne a kan daidai, kuma ga wanda yake ganin ya yi kuskure a aƙida ya ba da ransa don abin da ya gaskata, to mutuwar wancan hujja ce a kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

TSORO SHI NE JARIN ƊAN BINDIGA

Mutanen arewacin Zamfara sun ga mutuwa iri-iri. A Fabrairun 2018 an kashe gomman mutane a Birane ta ƙaramar hukumar Zurmi. A Yunin 2021 'yan sanda da kansu sun tabbatar da kisan mutum 53 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A Disambar wannan shekara, a yankin Sabon Birni da ke kusa da ƙasar Shinkafi, aka tare mota aka cinna mata wuta da fasinjoji a ciki, fiye da ashirin suka ƙone, ramin wuta na wannan zamani. A 2024 Bello Turji ya ɗora wa mutanen Moriki harajin miliyoyin naira, a shekarar ne kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi ta samu ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa, a ƙasar da a da take ciyar da wasu. A Yulin 2025 aka kashe sama da mutum talatin daga cikin waɗanda aka sace a Banga ta ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, bayan an kai kuɗin fansa. An sayar da gona da tumaki an biya, rai bai sayu ba.

Su wane ne ke wannan aika-aika? Mafi yawansu sunayen Musulmi ne da su. Da me suke mulkin ƙauyukan da suka ninka su yawa? Bindiga ita kaɗai ba ta isa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Akwai mai kai musu labarin wanda ya sayar da shanu ranar kasuwar Shinkafi, akwai mai kai mai da burodi da ƙwayoyi, akwai mai sayen dabbar sata da rabin kuɗi yana sane, akwai mai nuna ƙofar gidan maƙwabcinsa da dare. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 aka rufe kasuwannin mako, babban dalilin da hukuma ta bayar shi ne yanke hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu labari da kaya. A Afrilun 2022 gwamnatin jihar ta tuɓe sarkin Zurmi da na Ɗansadau bisa zargin hannu a lamarin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan mai kai labarin yana zuwa masallacin Juma'a. Wataƙila ma a sahun gaba yake tsayawa. In aka kama shi abu biyu zai ce, ko talauci ne ya sa shi, ko tsoro. Abu Dawud ya ruwaito daga Sauban (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin wani zamani da Musulmi za su yi yawa amma su zama kamar kumfar da ambaliya ke kwasa, saboda wani ciwo da za a jefa a zukatansu. Da aka tambayi ko wane ciwo ne, aka fassara shi da son duniya da ƙin mutuwa. Uzurori biyun nan na mai kai labari su ne ciwon da sunansa.

Ciwon nan ne ke kai wani saurayi wurin boka neman maganin bindiga, ya sha rubutun da bai san abin da aka rubuta ba, ya ɗaura guru da laya, ya sayar da tauhidinsa don ya tsere wa ajalin da ba a tsere masa. Shi ne ke kulle bakin wani malami, ya hau mumbari ya yi awa guda a kan saɓanin saki da ƙablu, ya sauka bai ambaci gawarwakin da aka binne jiya ba, don kada ya ɓata wa mahukunta rai ko kujerar Makka ta wuce shi. Shi ne ke sa shugaba ya kwashe iyalinsa zuwa Abuja ya riƙa aiko wa talakawa da saƙon ta'aziyya.

IYAKAR UZURIN TILAS

Musulunci bai ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba. Ammar bin Yasir (RA) ya furta kalmar da aka tilasta masa a ƙarƙashin azaba, alhali zuciyarsa na natse da imani, Suratun Nahli ta sauka da uzurinsa. Iyayensa, Yasir da Sumayya, sun jure har aka kashe su, sun kuma tafi da mafi girman daraja. Don haka manomin da aka ɗora wa haraji ya biya don ya tsirar da 'ya'yansa, da tsohuwar da ta gudu daga ƙauye ta koma bara a Gusau, babu mai zarginsu. Raunana ne, laifin yana wuyan waɗanda suka karɓi amanar tsaronsu suka ci.

Sai dai uzurin tilas yana da iyaka, kuma malamai sun haɗu a kanta: wanda aka ce ya kashe wani ko a kashe shi, bai halatta ya kashe ba, domin ransa bai fi na ɗan'uwansa tsada ba. Shari'ar da ta yi rangwame a kan kalmar baki ba ta yi rangwame a kan jinin wani ba. Wanda ya nuna gidan maƙwabcinsa yana sane da abin da za a yi masa, ya fanshi kansa ne da ran wani. Wannan mas'ala ya kamata a riƙa karantar da ita a kowace Islamiyya daga Ƙaura har Shinkafi, kamar yadda ake karantar da alwala.

Rashin tsoron mutuwa kuma ba ya nufin neman ta. Manzon Allah (SAW) ya hana fatan mutuwa saboda wata cuta da ta sami mutum, ya hana fatan haɗuwa da maƙiya. Yaron da aka ɗaura wa bam ya shiga kasuwa ya kashe kansa da bayin Allah, an yaudare shi ne. Ɗan sa-kai da ya tare Bafulatanin da bai san hawa ba bai san sauka ba ya yanka shi a kasuwa don ramuwa, shi ma tsoro ne da fushi ke tuƙa shi, kuma irin wannan ɗanyen aiki na cikin abin da ya rura wutar da ke cin Zamfara. Wanda aka kashe yana kare iyalinsa ko dukiyarsa an yi masa bushara da shahada, wanda ya zub da jinin marar laifi kuwa hisabi na jiransa, ko da wane suna ya kira kansa.

MASU GADON NAMODA

Garin Ƙaura sunan mutum yake ɗauke da shi. Namoda, jarumin Alibawa, yana cikin mayaƙan jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da suka ci Alƙalawa a 1808, kuma a fagen fama ya faɗi a Kiyawa. Cikin abubuwan da Shehu ya lissafa na zaluncin sarakunan zamaninsa akwai ɗora wa talakawa harajin da shari'a ba ta sani ba da ƙwace musu dukiya. Bayan shekara ɗari biyu ga jikokin waɗannan mutane suna tara wa ɓarayi haraji kafin su shiga gonakinsu.

Irin waɗancan maza ba su ƙare ba. Ranar 23 ga Yunin 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kiristoci. Da maharan suka zo, ya fito ya tare ƙofa ba shi da ko sanda, ya hana su shiga, har ya miƙa ransa a madadin na baƙinsa. Wannan shi ne Musulmin da Lahira ta zauna a zuciyarsa. Bai bar aƙidarsa ba, bai kuma tsaya tambayar ta waɗanda suka fake da shi ba.

Abin da ake nema daga matashi ya fi abin da limamin nan ya yi sauƙi. Ya ƙi kai labari ko da za a cika masa aljihu. Ya ƙi sayen naman sata da babur ɗin sata. Ya yar da layar boka. Ya ba da jini a asibiti in an kawo waɗanda aka harba, ya shiga cikin masu haƙa kabari da ɗaukar marayu. In an kashe maƙwabcinsa Kirista ya je ya yi wa iyalinsa jaje, ya kuma kira kisan da sunansa na zalunci. In dama ta samu ta da'awa ya yi ta da hujja da kyakkyawar magana, yana sane da cewa wanda yake kira yana kallon aikinsa kafin ya saurari bakinsa, kuma matsoracin da ke sayar da ɗan'uwansa ba shi da fuskar da zai kira mutanen Lawan Andimi zuwa ga wani abu.

A ƙarshen hadisin Khabbab, Manzon Allah (SAW) ya yi rantsuwa cewa lokaci na zuwa da matafiyi zai tashi daga San'a'a zuwa Hadramaut ba ya tsoron kowa sai Allah, sai kuma kerkeci a kan tumakinsa. An cika wa sahabbai wannan alkawari ne bayan da tsoron mutane ya fita daga zukatansu tun suna cikin azaba a Makka. Mai son ya ga ranar da mota za ta tashi daga Ƙaura zuwa Shinkafi ana hira har a isa, to daga nan ake farawa.

Allah Ya jiƙan Musulmin da aka kashe bisa zalunci, Ya kuɓutar da duk wanda ke ɗaure a daji, Ya tona asirin azzalumai da masu taimakonsu, Ya sa a cika da imani. Wassalam.